Burtu Guda a Hoton Sarzan Rabo

Shafi na 17

Jama'a masu bin wannan labari, ina gaishe ku, kowa bisa ga girmansa. Waɗanda suka cika mini akwatin saƙo da ƙorafin na jinkirta, na gani, na kuma karanta. Tun a shafin farko na shaida muku ba na fitar da abin da ban auna ba, kuma har yau a kan haka nake.

Wanda yau ya shigo, ga inda muka tsaya. Muna Dogon Dutsi, shekara ta 1956, kaka ta ƙare. In aka cire Nasara, su Kumandan mai mulkin gari, mutum uku ne ke da akwatin ɗaukar hoto a garin: Habu malamin lakwal, wato makarantar boko, da ake kira Mushe irin na Faransi, ɗan gidan maharba daga yankin Kiyeshe, wanda aka ɗauke yana shekara bakwai aka sa shi karatun Nasara, da Maikano mai allura a asibiti, wanda kowa ke kira Likita, sai babbansu, Sarzan Rabo, tsohon soja da ya komo daga yaƙin Indoshin da akwati ƙirar Jamus.

*

Kowace Lahadi bayan azahar sukan zauna a rumfar Maikano, kuma zaman yana da ƙa'idar da ba a taɓa sauyawa ba. Ƙarami ke fara nuna abin da ya ɗauko, babba ya rufe. Ba a taɓa hoto da hannu mai maiƙo. Ba a kuma kawo hoton mutum, sai tsuntsu, da dutse, da itace, da ruwa. An kafa wannan ne tun shekarar da Maikano ya ɗauki matan kasuwa, mijin ɗaya daga cikinsu ya biyo shi har asibiti da sanda.

Maikano ya ajiye nasa a kan tabarma. Sarzan ya ɗauka da yatsu biyu, ya nisanta shi da fuska.

"Wanga mi na, Likita?"

"Tabki na. Ga agwagin ruwa nan."

"Na ga tabki. Wanga baƙin da ke ga kusurwa nika tambaya."

Maikano ya sosa ƙeya. "Yatsana na."

"Karo na ukku ke nan. Yatsanka ya hi kowa yawan hoto cikin Arewa."

Habu ya yi murmushi, ya miƙa nasa. Gawo uku ne a gindin dutsen gari, da balbela jere a kan reshe. Ya tashi tun da asuba saboda wannan haske.

Sarzan ya daɗe yana dubawa.

"Tsakiya ta yi kyau, Mushe. Ka san inda aka tsayawa, wanga ba mai ƙwace maka shi. Amma dubi gehe. Ganye ya narke awa an zuba mai ruwa."

"Hoton daji ba ƙirgan ganye ba na, Sarzan."

"Haka duk mai raunin gilashi ka cewa. Ba laihinka ba na, laihin idon akwatinka na. Idon tsohuwa gare shi. Abin da ke gabanta tana gani, sauran duniya sai ta tambaya."

"To, mu ga na saurayin."

Abin da Sarzan ke jira ke nan. Ya goge hannu a kan wandonsa sau biyu, ya jawo babban ambulan mai hatimin Yamai, inda ake wanke musu hotuna. Wannan karon ya sa an ƙara wa hoton girma, har ya kai faɗin faifai.

Da ya shimfiɗa shi, suka sunkuya a kansa.

Barewa biyar ne a cikin wani kwari, ciyawa ta bushe ta kai musu ciki. Huɗu na kiwo, ɗaya ta ɗaga kai, rana ta biyo ta gefe ta zana kowane gashi na kunnenta. Kusa da su, ta hannun hagu, kan burtu ya fito daga cikin ciyawa, baƙi ƙirin, da dogon bakinsa.

"Allah mai iko," in ji Maikano a hankali.

"Kwarin da ke yamma ga Kiyeshe na, cikin gandun daji," in ji Sarzan. "Kwana goma sha biyu ke nan. Awa biyu ina kwance bayan suri, tururuwa na cin cikina, ban motsa ba. Dogon idon nan nis saka, wanda nika cirewa in ɗaura. Taki arba'in tsakaninmu, ba su san da ni ba."

Ya ciro lup daga aljihu, wato madubin nan da ke ƙara wa abu girma, ya miƙa wa Habu.

"Amshi, Mushe. Kai da kac ce ba a ƙirgan ganye, je ka ƙirga min gashin idon burtun nan. In gilashin Jamus ya yi ƙarya, in ba ka akwatin kyauta."

Habu ya durƙusa, ya ɗora lup a kan tsuntsun.

Tun kafin ya duba akwai abin da ya tsaya masa a rai, bai san sunansa ba. Yanzu ya san shi. Burtu ba ya yawo shi kaɗai. Ko yaron da aka yaye a gidan maharba ya san haka: in ka ga miji, matar na nan kusa. Ya bi ciyawar da lup, hagu da dama. Babu na biyu.

Ya koma kan idon. Burtu na da gashin ido dogaye kamar na raƙumi. Wannan ba shi da ko ɗaya. Inda ƙwayar ido ya kamata ta kasance, wani ɗigon haske ne fari, mai kusurwa.

Ya sauko wuya.

Maƙogwaron ba fata ba ce. Ƙananan ƙwayoyi ne jere a layi, irin 'ya'yan idon zakara da ake mannawa da kakin zuma. Ya ƙirga layukan, bakwai. A layi na uku akwai giɓi, gurbin ƙwaya guda.

Habu ya san wanda ya cire ta. Shi ne da kansa, yana shekara shida, ya ɓanɓare ta da farce don ya ga ko tana da zaƙi. Mahaifinsa ya yi masa dukan da har gobe ba zai manta ba, kuma bai taɓa cike gurbin ba, wai don ya riƙa tuna masa.

"Ka yi shiru, Mushe," in ji Sarzan yana dariya. "Nawa kas samu?"

Habu bai ɗago ba. Ya ja lup ƙasa, can baya, inda ciyawa ta ɗan rabu. Ga ta nan kuwa. Diddigen ƙafa ce, da faso.

Ya ajiye lup a kan tabarma.

"Sarzan, ka karya ƙa'idar zaman nan."

"Ni? Wace?"

"Ka kawo hoton mutum."

Maikano ya fara dariya, ya dubi fuskar Habu, dariyar ta mutu.

"Mushe, in hassada ta, hwaɗi ta kai tsaye," in ji Sarzan. "Ba sai ka ɓata min tsuntsu ba."

"Ba tsuntsu ba na. Kan burtu na na mahalba. Baki na gaske, wuya na icce, an lulluɓe shi da hwata. Mutum shi ɗaura shi ga goshi, shi yahwa baƙin zane, shi yi rarrahe shina sunkuyar da kai awa mai kiwo. Barewa ba ta gudun burtu. Da haka aka kai gare ta."

"Na ji labarin wanga dabara. Amma ni ina wurin, da idona."

"Idonka na cikin akwati."

Sarzan ya gyara zama, murya ta yi kauri.

"Yaro, na yi shekara huɗu cikin dajin da mutum ka ɓoyewa ƙarƙashin ganye. Ina sanin mutum in na gane shi. Da ban sani ba, da ban komo ba."

"Ka san mai ɓoye ma soja. Wanga barewa shika ɓoye mawa, kuma ita ta hi soja ido. Ɗauki lup ɗinka. Dubi bayan wuyan, ƙasa, inda ciyawa tar rabu."

Sarzan ya fizgi lup ɗin. Ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye, har Maikano ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Innalillahi," in ji Maikano. "Diddige ta. Ga hwaso nan. Irin ta nika wankewa kullum."

Sarzan ya ɗago a hankali. Girman kan da ya shigo da shi ya zube daga fuskarsa.

"To, mahalbi na," ya ce. "Wani na halbi cikin gandu ba da izini ba. Ba mu san shi ba."

"Ni na san shi."

Can bayan danga dokin Maikano ya buga ƙafa.

"Kan burtun babanmu na," in ji Habu. "Shi ma ga babanai yag gade shi. Gidanmu ba a arawa, ba a saidawa, ba ya hita hannun babban ɗa. Ran da baba yar rasu, kahin a ɗauki gawa, anka ɗaura shi ga goshin magaji gaban dattawa, yadda anka yi ma baba, yadda anka yi ma kaka. Mutum guda na duniya ka iya saka shi."

"Illo," in ji Maikano.

"Illo."

Duk Dogon Dutsi an san zancen Illo, wan Habu uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara biyu da suka wuce wani gardin daji, wato mai tsaron gandu, mai suna Ɗanmalam ya shiga gidansu, ya zazzage kayan farauta a tsakar gida, ya ɗauki bindigar gado zai tafi da ita. Illo ya roƙe shi sau uku. A na huɗu ya ɗauki taɓarya ya karya masa hannu. Kafin gari ya waye ya tsallaka ƙasar Ingilishi, aka yanke masa shekara biyar a kaso ba ya nan. Tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

"Ka san ya komo?" in ji Sarzan.

"Wallahi ban sani ba."

Yana faɗa yana tuna wani abu. Wata biyu ke nan Kaltume matar Illo na aiko masa da busasshen nama daga ƙauye, ta ce a kasuwa ta saya. Matar da ke ciyar da 'ya'ya huɗu da tsohuwa makauniya, ina ta ga abin sayen nama? Ya ci, ya yaba, ya ba maƙwabta. Bai tambaya ba. Yanzu ya gane cewa bai so ya tambaya ba ne.

Ya juya ya fuskanci Sarzan sosai, ya cire hularsa ya ajiye a gabansa.

"Sarzan, kai babba na. Ban taɓa roƙonka komi ba, ko aron gilashi. Yau ina roƙo. Ka ba ni hoton ga, ka ba ni fim ɗin. Mu sa su wuta nan gaban Likita, zance shi mutu cikin rumhwar ga."

Sarzan ya kawar da kai, Habu ya ci gaba.

"Na san shi na hoton da ya hi duk abin da kat taɓa ɗauka. Na gani. Ko Nasara bai ɗauki irinai ba. Amma tsohuwarmu ba ta kai shekara biyar nan gaba."

"Ba shi na ba, Habu."

Karo na farko ke nan da ya kira shi da sunansa, ba Mushe ba.

"To mi na?"

"Biyu nis sa anka wanke."

"Ina gudan?"

Sarzan ya dubi tabarma.

"Ran Juma'a nik kai ma Kumandan. Ka san shi da tsuntsaye. Shekara ukku shina ce min baƙin mutum na iya danna akwati, amma bai iya ganin hoto. Na so shi gani."

"Ya gani?"

"Ya gani. Ya tashi tsaye. Ya ba ni kujera, Habu, cikin biro nai, abin da bai taɓa yi ba. Kana yaɗ ɗauko lup nai."

Habu ya rufe ido. "Ya ga diddigen."

"A'a. Bai duba ƙasa ba. Wuyan yad duba."

"To?"

"Ya jawo littahinai na tsuntsaye, ya buɗe, ya rufe. Ya jawo wani. Yac ce duk burtun da anka rubuta, maƙogwaronai sumul shike. Babu mai ƙwaya-ƙwaya jere ga layi. Yac ce wanga wani iri na da ba a taɓa gani ba. Za a sa sunanai cikin littahi."

"Sunan wa?" in ji Maikano.

"Na Kumandan. Yac ce ni ma za a ambace ni ƙasa, da ƙananan haruhwa." Sarzan ya dubi hoton. "Amma hoto bai isa shaida ba. Masana na Dakar sai sun ga hwatar."

Wato sai an harbo tsuntsun.

Habu ne ya fara magana, kuma muryarsa ta fito a daidaice, kamar yana gaban 'yan aji.

"Zamanin kakanmu anka yi haka sau guda. Wani mahalbi ya hangi burtu cikin ciyawa, ya saki kibiya. Da yaz zo ɗauka, ɗan ƙanwatai yat tarar. Tun ran nan dattawan mahalba sunka kahwa doka: ba a halbin burtu shi kaɗai sai an yi mai sallama sau ukku. In tsuntsu na, shi tashi. In mutum na, shi amsa. Shekara sittin ba a sake ba. Duk mai riƙe baka cikin ƙasar ga ya san da wagga doka." Ya dubi Sarzan. "Wa zai gaya ma Nasara shi yi ma tsuntsu sallama?"

Sarzan ya sa hannu biyu ya riƙe kansa.

"Ka gaya mai wurin?" in ji Habu.

"Na zana mai. Da hannuna. Hanyar, da kwarin, da surin da nik kwanta."

"Yaushe za shi?"

"Yac ce in aiki ya bari. Bai hwaɗi rana ba."

Wani sauti ya fito daga bakin Maikano. Suka juya. Ya miƙe tsaye, ya dafa ginshiƙin rumfa.

"Yau da sahe," ya ce, "an aiko daga gidan Kumandan. Auduga sunka amsa, ɗauri biyu, da kwalbar maganin nan da aka sa ma abu kada shi ruɓe. Na tambaya ko wani ya ji ciwo, anka ce a'a, na tsuntsu na. Ni da hannuna nin naɗe musu."

"Motar Kumandan hwa?" in ji Habu.

"Ina alwalar azahar tag gitta bayan asibiti. Kudu tay yi."

Habu bai san lokacin da ya tsallake hotunan ba. Sai ganinsa aka yi a bayan danga yana kwance dokin Maikano.

"Bi ta gonaki!" in ji Maikano yana jefa masa linzami. "Mota sai ta zagaya rairayi, tana kahewa. In Allah ya so kana riga ta."

Habu ya haye ba sirdi. Yana shirin zabura Sarzan ya sha gabansa, ya kama linzamin.

"Sake ni, Sarzan."

"Tsaya ka ji. In ka isa, mi za ka ce? In kac ce mutum na, ka ba da wanka ga kaso da bakinka, kuma aikinka ya tahi. In kay yi shiru..."

"Kaso na da ƙohwar hita. Sake ni. Cikin gardawan da ke tare da shi ba a rasa ɗan ƙasa guda da zai gane kan burtu in sun matsa kusa. Shi zai tsaida shi kahin in kai."

Sarzan bai saki ba.

"Gardi guda na za shi da shi. Tun ran Juma'a anka zaɓe shi, don shi ya san gandun. Shina cikin biro sa'ad da nik kai hoton."

"Wa?"

"Ɗanmalam."

Dokin ya ja da baya, Habu ya matse shi da gwiwa.

"Ɗanmalam ya riƙa kan burtun nan da hannunai," ya ce a hankali. "Ran da yaz zazzage kayanmu. Ya juya shi, ya yi mai dariya, ya yar."

"Kumandan ya miƙa mai lup ɗin," in ji Sarzan. "Ya duba. Ya daɗe shina dubawa, ya hi ka daɗewa. Ni na ɗauka sha'awa ta."

"Mi yac ce?"

Sarzan ya ɗago ido, sun cika da ruwa.

"Yac ce ya san tsuntsun, mai wayo na ƙwarai. Kada a matsa kusa, kada kowa shi yi magana. A halbe shi daga nesa."